Jarumin da Sara Ba Ya Yi wa Ciwo

A shekarar 1974 wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar da wani wasa mai suna Dungeons & Dragons. Zama ake yi a kewaye tebur da takarda da fensir da 'ya'yan lido. Mutum ɗaya ke jan labari kamar mai ba da tatsuniya, sauran kuwa kowa ya ɗauki jarumi guda ya zama bakinsa da hannunsa. In jarumi ya kai sara, sai a jefa ɗan lido a ga ko ya samu. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda suka ɓullo wa maganar rauni, domin matsala ce da ke jiran duk wanda ya ɗauki alƙalami zai rubuta labarin yaƙi.

Kowane jarumi ana rubuta masa wata lamba, bari mu kira ta makin rai. In an sare shi da takobi, sai a jefa ɗan lido mai fuska takwas, abin da ya fito a ɗebe daga makinsa. In maki ya ƙare, jarumi ya faɗi. Amma kafin nan, ko da maki ɗaya tal ya rage masa cikin tamanin, gudunsa na nan, saransa na nan, ba ɗingishi ba nishi. Asalin dabarar ma abin lura ne. A wasannin yaƙi da suka gabata, irin su Chainmail na 1971, sojan gama-gari sara ɗaya ake yi masa a ɗauke shi daga tebur. Da 'yan wasan Arneson suka fara shaƙuwa da jarumansu, sai suka ƙi yarda su mutu da jifa guda. Shi kuma, kamar yadda ya faɗa da bakinsa, ya aro lissafin daga wasan yaƙin jiragen ruwa. Ashe ma'aunin jirgi aka ɗora wa ɗan Adam, alhali katako ba ya jin zafi.

Gygax ya san za a yi masa gardama. A littafin 'yan wasa na 1978 ya yarda cewa hankali ba zai ɗauka ba a ce jikin mutum ɗaya ya jure abin da zai kashe manyan dawakan yaƙi huɗu. Ya ce yawancin makin ba tsoka ba ne, gwaninta ce ta kauce wa sara, da sa'a, da kariyar ɓoye. Bayanin da daɗin ji, sai dai bai kai gida ba. Dokar wasan ta ce wanda ya faɗo daga tsauni, komai tsawonsa, ba a jefa masa 'ya'yan lido fiye da ashirin. Babban jarumi sai ya miƙe ya kakkaɓe riga. Wace gwaninta ce ke kauce wa ƙasa? A bugun 2014 ma, hutun awa takwas ya isa ya mayar masa da makinsa duka.

Wasu sun nemi gyara. RuneQuest, na 1978, ya raba makin ga gaɓoɓi, hannu da nasa, ƙafa da nata, har a iya guntule mutum ya rayu da nakasa. Wannan ya fi kusa da gaskiya, amma yana da tsada: wanda aka fara ji wa rauni ƙarfinsa ya ragu, raguwar ta jawo masa wani raunin. Mutum ya baro gidansa don nishaɗi, cikin ɗan lokaci ya koma ɗan kallo. Saboda haka ni ban ga laifin masu wasa ba. Ƙarya ce da kowa a teburin ya sani, ya kuma amince da ita don zama ya ɗore.

Tambayata gare mu ce, 'yan'uwa marubuta. Mu wa muka yi wannan yarjejeniya da shi? Tun daga Ganɗoki na Bello Kagara a 1934 muke da jarumin da ke kutsawa cikin runduna ya fito, kuma ba na neman a kashe shi, don wanda ya buɗe irin wannan littafi ya san ƙasar da ya shiga. Damuwata tana ga labarin da ke cewa rayuwarmu yake nunawa, da sunan unguwa da lambar mota, amma a daki yarinya da taɓarya a babi na uku, a babi na huɗu tana rangaɗa kwalliya. Marubucin ya ɗebe mata maki ne kawai. Wanda ya yi dukan bai ga abin da hannunsa ya jawo ba, yaron da ke karantawa ma bai gani ba.

Na taɓa faɗuwa a babur na karye a ƙauri. Ranar faɗuwar ba ita na fi tunawa ba. Na fi tuna watannin da suka biyo baya: hannun mai ɗori, sallah a zaune, bashin da maiɗakina ta ci ba ta gaya mini ba, da yadda har yau in sanyin hunturu ya sauko ƙafar ke tuna mini. Duk labarin yana nan, a wurin da makin rai ya tsallake.

Kwanakin baya wani ɗalibina ya kawo mini labari, an soki jaruminsa da wuƙa a cinya, shi kuma ya bi ɓarayi da gudu har bayan gari. Ban ce ya canza ko kalma ɗaya ba. Na dai tambaye shi wa ya wanke ciwon da dare, da kuɗin wa aka sayi magani. Ya yi shiru. Bayan mako guda ya dawo da ƙarin shafi huɗu, kuma uwar jarumin, wadda da ko sunanta babu, ita ce ta cinye uku daga ciki.