Hayaƙin Maƙwabci: Ina Iyakar 'Yancin Mutum?

A karkarar arewacin Amurka, inda hunturu kan daskarar da ruwa, akwai wata irin tukunyar ɗumama gida da ake girkawa a waje. Murhu ne na ƙarfe wanda tankin ruwa ya kewaye. A cusa itace, ruwan ya yi zafi, ya bi bututu ta ƙarƙashin ƙasa zuwa ɗakuna. Da zarar gida ya yi ɗumi, sai na'urar ta toshe wa wutar iska, itacen ya koma cin kansa a hankali yana tuttuɗo da hayaƙi. Da yake bututun hayaƙin gajere ne, ba ya tashi sama, sai ya kwanta a tagogin maƙwabta, ƙananan ƙwayoyinsa su kutsa huhun yara da tsofaffi da masu asma.

A shekarar 2015 Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta ƙayyade yawan hayaƙin da sabuwar tukunya za ta fitar, kuma daga 15 ga Mayu, 2020 ta tsananta ma'aunin, ta hana sayar da wadda ba ta cika shi ba. Tambayarmu ita ce, shin hukuma tana da hurumin shiga tsakanin mutum da itacen gonarsa?

Mai tukunya yana da hujja. Gidansa ne, dajinsa ne, guminsa ne, kuma sau da yawa tsadar mai da gas ce ta kai shi ga itace. Wanda bai taɓa kwana cikin sanyi ba bai kamata ya yi masa dariya ba. Sai dai tun 1859 John Stuart Mill ya kafa ƙa'idar cewa ba a tauye wa mutum 'yancinsa sai domin kare wani daga cutarwa. Hausawa kan ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a nan wanda ya ja hayaƙi yana ɗaki cikin ɗumi, na waje hayaƙin yake doka. Ana iya shata iyakar gona, ba a shata ta iska. Rangwamen da mai tukunya ya samu, maƙwabcinsa ne yake biya da numfashinsa, ba tare da an nemi yardarsa ba.

Abin lura shi ne inda dokar ta ɗora nauyi. Ba ta taɓa tukwanen da ke gidaje ba. Masu ƙerawa da masu sayarwa ta kama, waɗanda suke da ilimi da jarin gyara na'urar. A ganinmu adalcin yana nan, domin wanda ya fi ikon kawar da cuta shi ya fi cancantar a tuhuma. Duk da haka, idan tukunya mai tsabta ta fi ƙarfin aljihun talaka, wajibi ne al'ummar da za ta sha iska mai kyau ta taimaka wajen biyan kuɗinta.