Kwalekwale Biyu, Zuciya Biyu

Ya 'yan'uwa cikin Ubangiji, mu mutanen tudu ne, da yawa daga cikinmu ba su taɓa ganin teku ba. Amma mun san Kogin Kaduna sa'anda ya cika ya batse a watan Agusta, mun kuwa san ruwa ba ya wasa da kowa. Bari mu ji labarin waɗansu masunta na ƙasar Ingila, gama akwai abin koyo a ciki dominmu.

A watan Disamba na shekara ta 1886, wani jirgin ruwa na Jamus mai suna Mexico ya tashi daga Liverpool, za shi Amurka ta Kudu, da mutum 12 a ciki. Bai yi nisa ba sai babbar iska ta taso. Ran 9 ga wata da dare iska ta kora shi, ta jefa shi kan yashi kusa da garin Southport, wajen bakin Kogin Ribble. Raƙuman ruwa suka yi ta bugunsa. Mutanen ciki suka nuna alamar neman taimako.

Garuruwa uku na bakin gaɓa suka ga alamar: Southport, da St Annes, da Lytham. Kowane gari yana da kwalekwalen ceto. Ba su da inji, sai filafilai da ƙarfin damtse. Babu rediyo a zamanin, saboda haka ba wanda ya iya tambayar maƙwabcinsa ko ya riga ya tafi. Kowa ya fita kamar shi kaɗai aka kira.

Kwalekwalen Lytham ya kai wurin jirgin, ya kwashe mutum 12 ɗin duka, ya kawo su tudu lafiya. Na Southport kuwa, da ya yi kusa, sai wani babban raƙumin ruwa ya kife shi. Cikin mutum 16, biyu kaɗai suka tsira. Na St Annes ya fita da mutum 13, ko ɗaya bai komo da rai ba. Watau a dare ɗaya masu ceto 27 suka mutu, suka bar gwauraye 16 da marayu 50.

Mai lissafin kasuwa zai ce an yi hasara: 27 domin 12. Waɗannan 12 kuma baƙi ne, ba danginsu ba, ba 'yan ƙasarsu ba. Amma masuntan nan ba su tsaya bakin gaɓa suna tambaya ko 'yan wace ƙasa ne ke cikin jirgin ba. Sun ga mutane za su hallaka, wannan ya ishe su.

To, ku buɗe Ayyukan Manzanni sura 27. A can ma akwai jirgi cikin hadari, da mutum 276, Manzo Bulus yana cikinsu. A can ma akwai kwalekwale. Amma ku duba abin da matuƙan jirgin suka so yi da shi. Suka saukar da shi a ɓoye, suna yi kamar za su jefa anka, alhali kuwa nufinsu su gudu su bar sauran. Sai da Bulus ya faɗakar da jarumin, sojoji suka yanke igiyoyin. Ga kwalekwale biyu ke nan. Ɗaya an saukar da shi domin a gudu daga masu hallaka, ɗaya kuwa an tura shi cikin ruwa domin a je wurinsu. Duka biyu na katako ne. Bambancin yana cikin zuciyar masu tuƙi.

Wane iri ne ekklesiyarmu? Mun sani tun tashin hankali na shekara ta 2000 da na 2002, kogin nan ya zama kamar iyaka a garinmu. Mutane da yawa suka ƙaura, waɗansu kudu, waɗansu arewa, kowa yana neman inda zai kwana da ido biyu rufe. Ba mu raina hawayen kowa ba, gama akwai gidaje a Kakuri da Barnawa da Sabon Tasha da har yau suna makoki, haka kuma a ƙetare. Amma akwai jaraba a nan: mu mai da ekklesiya kwalekwalen gudu, mu shiga mu da namu, mu ce sauran su ji da kansu. Sa'anda gobara ta ci shagon mutum, ko ambaliya ta rushe ɗakinsa, ko aka kwantar da ɗansa a asibiti ana neman jini, me muke fara tambaya? Sunansa da kabilarsa da addininsa, ko kuwa abin da yake bukata?

Ubangijinmu Yesu bai jira mu zama nasa kāna ya zo ba. Tun muna nesa, muna gāba da Allah, ya shiga ruwan mutuwa dominmu. Wanda aka tsamo daga ruwa ba shi da bakin cewa wani bai cancanci a tsamo shi ba.

Watakila wani zai ce, ni tsoho ne, ba ni da ƙarfin tuƙi. Ka ji wannan. Wani attajirin auduga mai suna Charles Macara, mazaunin St Annes, ya ga abin da ya faru. A shekara ta 1891 ya shirya tara gudummawa a titunan Manchester domin aikin ceto, talakawa suka yi ta jefa kwabbansu. Mutanen tsibirin Malita ma, a sura 28, ba su shiga teku ba. Wuta suka hura wa baƙin da ruwa ya jefo musu. Mai tuƙi da mai bayarwa da mai hura wuta, aikinsu ɗaya ne.

Ba a yi mana alkawari cewa kowane mai fita zai komo da nasara ba. Na Lytham sun komo da murna, na St Annes ba su komo ba, amma kira ɗaya suka amsa. Sakamako na Allah ne, fita kuwa tamu ce.

Ya Ubangiji, ka ba mu idon da ke ganin alamar masu neman taimako, ko a wane gefen kogi suke. Amin.