Wa Ke Biyan Wani, Mai Gona Ko Ɗan Ƙwadago?

Karatu: Kubawar Shari'a 24:14-15, Matta 20:1-16, Ayyukan Manzanni 22:22-29.

Maganarmu ta wannan wata a kan wata cuta ce wadda ta shigo gidajenmu ta cikin wayar hannu. Ba ta bar Daura ba, ba ta bar Mai'aduwa da Zango da Baure da Sandamu ba. Tana cin masu bi, tana kuwa cin maƙwabtanmu Musulmi, gama ɓarawo ba ya tambayar addinin mai jaka.

Ga yadda ta ke zuwa. Saƙo ya kan faɗo ta WhatsApp ko Facebook ko Telegram, a ce akwai aiki, ba sai ka fita daga ɗakinka ba. Wai za ka riƙa danna alamar so a kan bidiyo, ko ka kwafi rubutu, ko ka yabi kayan wani kanti, a biya ka kowace rana. Amma sai ka fara aika kuɗin rajista, ko na fom, ko na horo. Wani lokaci su kan biya mutum 'yan kuɗi kaɗan da fari domin zuciyarsa ta kwanta. Sa'an nan su ce ya zuba mai yawa domin a buɗe masa mataki na gaba. Ran da ya nemi cire nasa, sai a ce akwai haraji tukuna. In ya biya harajin, sai lambar ta mutu.

Waɗanda a ke farauta kuwa su ne waɗanda ba su da abin asara. Saurayi ne wanda ya gama makaranta yana zaune, da matar aure wadda ke son taimakon mijinta ba tare da barin yara ba, da gwauruwa mai neman kuɗin makarantar marayu. Ƙasarmu ta bakin iyaka ce. Sa'ad da a ka rufe iyaka a 2019, da kuma a 2023, ciniki ya yi sanyi a hanyar Kongolam, hannuwa da yawa su ka rasa abin yi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin da Littafi Mai Tsarki ya koya mana

Mu duba misalin da Ubangijinmu ya bayar cikin Matta sura 20. Mai gonar inabi ne ya fita da sassafe neman ma'aikata. Shi ne ya shirya da su a kan dinari guda, shi ne kuma ya sa a biya su da maraice. Ya koma kasuwa har sau huɗu yana ɗiban marasa aiki, amma ba mu ji ya karɓi ko anini a hannun ɗayansu a bakin gona ba. Shari'ar Musa kuma ta umurta a ba matalaucin ma'aikaci ladansa a ranar, kafin rana ta faɗi, domin a kan wannan lada ransa ya dogara. Yaƙub ya faɗa cikin sura 5 cewa ladan da a ka danne wa masu girbi yana kuka, Allah kuwa yana jin kukan. In fushin Allah yana bisa wanda ya jinkirta lada, ina misalin wanda ya karɓe kuɗin mai neman aiki alhali babu aikin?

Wannan ba baƙon abu ba ne a gare mu. Manomi a ƙasar Daura in ya ɗauki 'yan ƙwadago noman gero, shi ke kai musu fura gona, shi ke sallamarsu da yamma. Mai sayar da huluna shi ke kai wa mai ɗinki ƙyalle da zare har gida, in ta gama ya biya ta. Ashe aikin cikin gida tsohon abu ne, mai daraja kuwa. Da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da saƙar faifai iyayenmu mata su ka yi renonmu. A cikin dukan waɗannan, kuɗi daga hannun mai aiki ya ke gangarowa zuwa hannun ma'aikaci. Duk sa'ad da ku ka ga ruwa yana hawan tudu, ku tsaya ku yi tambaya.

Kada dai mu ruɗe. Yaron da ya biya kuɗin koyon ɗinki yana ganin maigidansa da shago da keke. Matar da ta sari sabulu tana riƙe da sabulun a hannunta. Amma mai saƙon waya alkawari kaɗai ya ke sayarwa, ba a kuwa cinikin biri a sama.

Abin da dokar ƙasa ta tanada

Waɗansu masu bi suna tsammani kai ƙara rashin bangaskiya ne. Mu tuna da Bulus. Sa'ad da a ka miƙe shi za a yi masa bulala a Urushalima, ya tambayi jarumin soja ko doka ta yarda a bugi ɗan Roma ba tare da shari'a ba, nan take a ka janye. Daga baya ma ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar. Shi ne kuma ya koya wa Romawa cikin sura 13 cewa mai mulki bawan Allah ne domin horon mai mugunta. Saboda haka ya wajaba mu san abin da doka ta ce.

Na ɗaya, tun 1960 dokar laifuffuka ta Arewa ta lissafta zamba cikin laifi. Lambar nan 419 da kowa ke faɗi, sashe ne na dokar laifuffuka ta Kudu.

Na biyu, akwai dokar tarayya ta 2006 a kan zambar karɓar kuɗi tun gaba, wadda ta ɗaure ƙasa duka. Ta ce wanda ya karɓi dukiyar wani ta hanyar ƙarya da nufin cuta, za a ɗaure shi shekara 7 zuwa 20, babu zaɓin tara. Ta kuma umurci kotu ta sa mai laifin ya mayar wa wanda a ka cuta abinsa. Wanda ya taimaka ko ya haɗa baki, hukuncinsa ɗaya ne da na mai zambar. Babbar Kotun Tarayya da Babbar Kotun Jiha su ke jin irin wannan ƙara, dukansu kuwa suna zama a Katsina. Hukumar EFCC, wadda ta fara aiki a 2003, tana binciken irin wannan laifi, tana da ofishi a Kano. Akwai kuma dokar laifuffukan intanet ta 2015.

Na uku, dokar ƙwadago ta ƙasa ba ta yarda kowa ya buɗe ofishin samar wa mutane aiki don riba ba sai da izinin Ministan Ƙwadago. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi yarjejeniya mai lamba 181 a 1997, ƙa'idarta kuwa ita ce irin waɗannan ofisoshi kada su ɗora wa ma'aikaci kuɗi. Nijeriya ta karɓi wannan yarjejeniya a 2023.

Cutar ba tamu kaɗai ba ce. A Amurka an daɗe ana ruɗin mutane da aikin cusa takardu cikin ambulan a gida. Tun 2012 dokarsu ta tilasta wa mai tallan irin wannan sana'a ya ba mai saye takarda shafi guda, kwana 7 kafin ya karɓi kuɗinsa. Cikinta zai faɗi ko an taɓa kai shi ƙara, ko yana mayar da kuɗi, da kuma sunayen waɗanda su ka saya a gabansa. Hikimar kwana bakwai ɗin nan ta isa mu ɗauka, gama mai zamba ba abin da ya ke ƙi kamar jinkiri. Kullum cewa ya ke yi gurbi ya kusa cika, yau ne rana ta ƙarshe.

Amma doka ba ta gudu kamar yadda kuɗi ke gudu cikin waya. Mutane da yawa sun yi kuka sa'ad da MMM ta rufe a Disamba 2016, an sake yin wannan kuka sa'ad da CBEX ta rushe a Afrilu 2025. Takardar rajistar kamfani ma ba shaidar gaskiya ba ce, shaida ce kawai cewa an rubuta suna. Rigakafi ya fi magani.

Abin da za mu yi

Kafin ka aika ko naira ɗaya, ka kwana a kan maganar, ka nuna saƙon ga fasto ko dattijo ko wani mai sani. Misalai 14:15 ya bambanta marar wayo mai gaskata kowace magana da mai hankali wanda ke lura da takunsa. Ka tambaya: ina ofishinsu? Wa ke sayen aikin da zan yi? Don me ba za su cire kuɗin rajistar daga albashina na fari ba? Kada ka ba kowa lambar sirrin katinka, ko lambar da banki ya aiko maka, ko BVN naka.

In an riga an cuce ka, kada kunya ta rufe maka baki. Ka je bankinka a ranar, ko ka buga musu waya, gama wani lokaci a kan iya tsare kuɗin kafin a kwashe. Ka ajiye rasit, ko na mai POS ne, da lambar asusun da sunan da ya fito, da hoton dukan saƙonnin. Ka kai rahoto wurin 'yan sanda ko EFCC. Kowane asusu yana ɗaure da sunan wani, shi ne sawun da a ke bi. In kuwa wani ya zo ya ce ka biya shi ya ƙwato maka kuɗinka, kura ce ta dawo da sabuwar riga.

Akwai magana mai nauyi kuma da za mu faɗa wa junanmu. Yawancin waɗannan tarkuna ta hannun ɗan'uwa su ke shiga ekklesiya, domin an yi masa alkawarin kamasho a kan kowane mutum da ya kawo. Mai waƙa ya kawo mai waƙa, 'yar zumunta ta kawo 'yar zumunta, amanar da mu ka gina shekara da shekaru ta zama jarin ɓarawo. Wani saurayi kuma ya kan ba da aron asusunsa a zuba kuɗi, a ba shi ɗan kaso. Ya sani fa, sunansa ne za a fara kira a kotu. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, Bulus kuma ya gargaɗi Timoti a kan tarkon da masu ɗokin arziki ke faɗawa ciki. Wanda ya ci irin wannan kamasho, hanyarsa ita ce ta Zakka, wanda ya tsaya a gaban Ubangiji ya ɗauki alkawarin mayar wa waɗanda ya zalunta har riɓi huɗu.

Ku dattawa, kada a bar kowa ya yi tallan irin wannan abu a lokacin sanarwa, ko a zauren WhatsApp na ekklesiya. Wanda a ka cuta kuwa, kada mu yi masa dariya, gama talauci ne ya kai shi, mu riƙe shi. Ya fi kyau zumuntar mata ta haɗa hannu ta saya wa gwauruwa buhun gyaɗa ko keken ɗinki, masu sana'a kuma su ɗauki samari su koya musu. Wanda ke da aikin gaskiya a hannu ba ya saurin sauraron maƙaryaci.

Mu yi addu'a. Ya Uba, kai ne ka ba mu ceto kyauta ta wurin Ɗanka, ba ka karɓi kome a hannunmu ba. Ka ba marasa aiki na ƙasar Daura abin yi mai albarka. Ka ta'azantar da waɗanda a ka cuta, ka ba alƙalai gaskiya, ka juyo da masu zamba zuwa tuba. Ka tsare zukatanmu daga kwaɗayi, cikin sunan Yesu. Amin.