KAFIN HUNTURU YA SHIGO

 Abin karatunmu na wannan wata yana cikin Littafin Misalai, sura 31, aya 20 da 21. Ku buɗe ku karanta da kanku tukuna, sa'an nan mu yi magana.

Ga shi damina ta ɗauke, gero ya shiga rumbu, dawa da wake suna jiran girbi. A nan ƙasar Zakirai alamu sun riga sun bayyana ga mai ido. Gawo, wanda ya tsaya tsirara dukan damina, ya soma fid da sabon ganye, kuka kuwa tana zubad da nata. Shamuwa ta tafi. Ba da daɗewa ba za a riƙa ganin Kaza da 'Ya'yanta suna fitowa daga gabas da almuru. Maganar da ke bakin kowa a kasuwa da bakin rijiya ita ce, shin ɗarin bana zai yi tsanani? Tsofaffi su kan ce damina mai yawan ruwa ita ke haifan sanyi mai ƙarfi. Samari kuwa su kan duba waya su ji abin da hukumar kula da yanayi ta Nijeriya, watau NiMet, ta faɗa. Ban raina ko ɗaya ba, gama Allah ne ya ba mutum hankalin lura da ayyukansa. Amma ko mai yawa ne ko kaɗan, ba a taɓa yin shekarar da hunturu ya ƙi zuwa ba. Tambayar da ta kamaci Ekklesiya ita ce: sa'ad da ya zo, wa zai tarar a cikinmu ba mayafi?

Ayar da mu ka karanta tana maganar dusar ƙanƙara, abin da yawancinmu ba mu taɓa gani da ido ba. Ƙanƙarar da mu ka sani ita ce wadda ta kan faɗo da hadari, kamar tsakuwa, ta yayyage ganyen dawa, ta narke nan da nan. Dusar ƙanƙara dabam ta ke. Idan sanyi ya kai inda ruwa ke daskarewa, laimar da ke cikin girgije ta kan zama kamar shiɓaɓɓiyar auduga, ta sauko a hankali ba ƙara, ta rufe gonaki da hanyoyi da rufin ɗakuna fari fat. A ƙasar da a ka rubuta Littafi Mai Tsarki an san ta sarai. Dutsen Harmon, mai tsawon mita 2,814, ya kan sha ta kowace shekara. Urushalima kuma birni ne a kan tuddai, wata shekara ta kan sauka can. A watan Disamba na 2013 ta yi yawa har hanyoyin shiga birnin su ka toshe, gidaje da yawa su ka kwana ba wutar lantarki. Ko cikin Sahara ma, a wani gari na Aljeriya mai suna Ain Sefra, ta sauka bisa rairayi a Disamba 2016, ta sāke sauka a Janairu 2018.

Mu dai ba ma sa ran ganinta a Zakirai. Namu rabo shi ne iskar arewa maso gabas, wadda ke tasowa daga hamada, ta kwaso farar ƙura daga wani kwari a arewacin Cadi da a ke kira Bodele, inda babban tafki ya ƙafe tun zamanin da. Iskan nan busasshiya ce. Da shi ke ba laima ba girgije a sama, zafin da ƙasa ta sha da rana ya kan gudu da dare, kamar tuwon da a ka bari ba murfi. Shi ya sa a watan Janairu ma'aunin zafi a ƙasar Kano ya kan sauka wajen digiri 13 da asuba, wani dare ma ƙasa da 10. Mutumin Ingila zai yi dariya ya ce wannan ba sanyi ba ne. Amma shi yana da ɗaki mai ɗumi da rigar ulu. A kawo shi ya kwana bisa tabarma cikin ɗakin kara, da zane ɗaya, sa'an nan a tambaye shi da safe.

To, mu koma ga macen nan ta Misalai. An ce ba ta jin tsoron dusar ƙanƙara domin mutanen gidanta, gama duk ta suturta su. Kalmar Ibrananci da a ka yi amfani da ita, waɗansu sun fassara ta jan tufafi, waɗansu kuwa, kamar tsohuwar fassarar Latin, sun ce tufafi riɓi biyu. Ko wanne ne, ma'anar ɗaya ce: ba wanda ke rawar ɗari a gidanta. Ku lura fa, ba a ce sanyi ya kauce wa gidanta domin tana tsoron Allah ba. Ya zo mata kamar yadda ya zo wa kowa. Abin da ya raba ta da maƙwabtanta shi ne ta riga shi. Ayoyin da ke baya sun nuna ta da ulu da mazari a hannu, tana aiki har dare. Iyayenmu mata sun san wannan aiki: su gurza auduga, su shiɓe ta, su kaɗa zare, a kai wa masaƙi ya saƙa gwado. Watanni a ke yi kafin gwado ɗaya ya fito. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Amma abin da ya fi kama zuciyata shi ne jerin ayoyin. Aya 20 tana maganar yadda ta ke miƙa hannu ga matalauci da mai bukata. Aya 21 ita ce ta maganar gidanta. Da mu ne mu ka rubuta, da mun juya su: gidana tukuna, in wani abu ya ragu sai matalauci. Ruhu Mai Tsarki bai jera su haka ba. Ya sa buɗaɗɗen hannu a gaba, rashin tsoro yana biye. Macen nan, sa'ad da ta ke ƙirga waɗanda za ta suturta, ba ta tsaya a bakin dangarta ba.

Kada maza su ce, to, wannan wa'azin mata ne. Wane ne ke kai gyaɗa da wake kasuwa? Kuɗin a aljihun wa ya ke shiga? Akwai magidanta a cikinmu da za su sayad da amfanin gona su sāke waya, ko su gyara babur, alhali yara huɗu suna jan bargo ɗaya. Akwai kuma waɗanda ba su rabu da tsohuwar hanya ba, suna cewa giya ce maganin ɗari. Ƙarya ce. Giya ta kan sa jini ya taso bisa fata, mutum ya ji kamar ya yi ɗumi, alhali kuwa zafin jikinsa fita ya ke yi. Samarinmu ma, da an gama girbi za su tafi cin rani Kano, ko Abuja, ko Ikko. Ban hana ba, neman halal ne. Amma ɗana, kafin ka ɗauki jakarka, ka shiga ɗakin tsohuwarka ka duba abin da ta ke rufa da shi, ka toshe tsagin bango, ka tara mata itace. Kuɗin da za ka aiko a watan Maris ba zai ɗumama ta a Janairu ba.

Yanzu ina da magana mai nauyi ga waɗanda Allah ya buɗa musu a cikinmu. Kun san yadda watan Agusta ya ke, sa'ad da tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba. Mutum ya kan zo ya ranci tiya biyu ko uku, ya ajiye abin da ya ke da shi jingina: fartanya, ko tukunya, ko babbar riga, ko bargo. Da damina bargo ba shi da amfani, shi ya sa shi ne farkon fita daga gida. Amma bashin ba kullum ya ke biyuwa da kaka ba, sai bargon ya kwana cikin adakar mai ba da rance, mai shi kuwa ya kwana cikin buhu. Ku karanta Fitowa 22:26 da 27. Ubangiji ya dokaci Isra'ila, wanda ya karɓi mayafin maƙwabcinsa jingina ya mayar masa kafin faɗuwar rana, domin da shi ne zai kwana. Ya kuma yi alkawari zai ji kukan mutumin nan in ya kai ƙara gare shi. A Kubawar Shari'a 24:17 an ƙara tsanantawa: tufafin gwauruwa ba a karɓarsa jingina sam. Dubi yadda Allah Maɗaukaki, wanda ya tambayi Ayuba ko ya taɓa shiga rumbunan dusar ƙanƙara, ya sunkuya yana kula da mayafin talaka guda. Bashinka yana nan, Allah bai ce ka yafe dole ba, ko da ya ke in ka yafe ka yi kyau. Amma mayafin ba naka ba ne da dare. In akwai irinsa a ɗakinka, ɗan'uwana, kada ka zo teburin Jibin Ubangiji tukuna sai ka mayar.

Mu Hausawa muna da gaisuwa mai daɗi. Da safe mu kan ce, ina kwana, yaya sanyi? A amsa, lokacinsa ne. Kowa ya wuce. Ba wanda zai ce maka, ban yi barci ba jiya, gama kunya ba ta bari. Yaƙub, ɗan'uwan Ubangiji, ya san irin wannan gaisuwa. A sura 2 ta wasiƙarsa ya kwatanta mai bi da ya ga ɗan'uwa ba tufafi ba abinci, ya sallame shi da fatan alheri, ya yi masa addu'ar ɗumi da ƙoshi, bai ba shi kome ba. Yaƙub ya ce irin bangaskiyan nan gawa ce. Domin haka gaisuwa a ƙofar majami'a ba ta isa ba. Ran Lahadi kowa ya kan sa rigarsa mafi kyau, ba za ka gane mai bukata ba. Zumunta a ƙafa ta ke. Sai an je gida, an shiga ɗaki, an ga shimfiɗa.

Kirsimati kuma yana tafe, a tsakiyar hunturu ya ke faɗuwa kowace shekara. Na san zumuntar mata sun riga sun fara maganar anko, har an aika Kantin Kwari a dubo atamfa. Ba laifi ba ne a yi ado domin haihuwar Mai Ceto. Amma ku yi lissafi, uwayena: kuɗin turmi ɗaya, rigunan sanyi nawa na yara zai saya a wurin masu gwanjo? Na ga ikon Allah, mata su jeru cikin zane iri ɗaya suna waƙar jaririn da a ka naɗe da tsummoki, a bayan majami'a kuwa ga jaririn gwauruwa yana tari. Dokas ta Yafa, wadda Bitrus ya tashe ta daga matattu, abin da gwauraye su ka nuna a wurin makokinta riguna ne da ta ɗinka musu.

Ba maganar jin daɗi kaɗai na ke yi ba, maganar rai ce. Sanyi da ƙura su ke kawo mura da tari, daga nan sai ciwon haƙarƙari, wanda ke ɗauke jarirai da tsofaffi. Masu asma da masu sikila sun fi kowa shan wuya a watannin nan. Idan yaro yana numfashi da sauri, ƙirjinsa yana lotsawa ciki, kada a tsaya jiƙe-jiƙe, a kai shi asibiti a ranar. Wanda ba shi da bargo kuma wuta ce bargonsa, nan ne wata masifa ke shigowa. A kan shigad da kaskon gawayi ɗaki, a rufe ƙofa da taga. Gawayi yana fid da wata iska marar wari marar launi, mutum ya yi barci bai farka ba. Ko kuwa gefen zane ya taɓa garwashi, ko ɗan yaro ya mirgino ciki. Mu da ke zaune gida kusa da gida, danga ta kara, rufi na ciyawa, harawa bisa itace, ga iska tana busawa, gobarar gida ɗaya ta unguwa ce duka, har da rumbunan da a ka sha wuyar cikawa. A ɗumama ɗaki tun da sauran ido biyu, a fid da wutar waje a kashe kafin a kwanta.

Kada kuma mu ce sai namu. Mu kaɗan ne a ƙasan nan, maƙwabtanmu Musulmi ne, da su mu ke cin kasuwa ɗaya, rijiya ɗaya. Almajiran da ke zuwa ƙofarmu da ƙoƙo da sassafe, ƙafafu duk faso, 'ya'yan wasu ne. Sa'ad da jirgin ruwan da ya ɗauko Bulus ya fashe a tsibirin Malita, mutanen wurin ba masu bi ba ne, ba su kuwa san shi ba, amma su ka hura wuta saboda ruwa da ɗari, su ka karɓi mutum 276. Luka bai manta ya rubuta alherinsu ba. Abin kunya ne a ce waɗanda ba su ji bishara ba sun fi mu saurin hura wuta.

Ga abin da na ke roƙon kowace Ekklesiya da takardan nan za ta isa. Dattawa biyu da mata biyu daga zumunta su zaga gidajen masu bi duka kafin Lahadi ta fari ga Disamba, su fara da gwauraye da tsofaffin da 'ya'yansu su ka tafi cin rani, da gidajen da a ka yi sabuwar haihuwa. Su rubuta abin da su ka gani, amma kada a karanta sunan kowa a gaban jama'a. Daga baikon godiyar kaka a keɓe kashi domin barguna tun yanzu, gama da ƙura ta sauka 'yan kasuwa za su ƙara kuɗi. Wanda ke da biyu ya kawo ɗaya, a wanke shi, a kai da dare.