Amanar Tafinta Tsakanin Injiniya da Na'ura

  

Ka sani, ya kai ɗan'uwa mai neman ilimi, akwai ƙananan kwamfutoci da ake dasawa a cikin na'urori, waɗanda ba a yafe musu jinkiri. Wadda ke cikin akwatin famfon sola mai jan ruwan burtsatse a Shinkafi ko Zurmi tana cikinsu, haka wadda ke sarrafa fukafukan jirgin sama. Amsarsu ko da daidai ce, in ta makara, ɓarna ta riga ta auku.

Saboda irinsu ne masana a Faransa suka ƙago harsunan kwamfuta da ke tafiya da bugun agogo a shekarun 1980. Gérard Berry ya jagoranci aikin Esterel, Paul Caspi da Nicolas Halbwachs kuma suka fito da Lustre a Grenoble. Ƙa'idar ita ce: agogo ya buga, na'ura ta karɓi saƙo, ta yi lissafi, ta ba da amsa, duk kafin bugu na gaba.

Wahalar tana wajen fassara. Injiniya yakan rubuta ayyuka da yawa kamar a tare suke gudana, alhali na'urar ɗaya bayan ɗaya take yi. Manhajar da ke tafinta ita za ta jera su, ta mai da su harshen C. In ta tarar wannan aiki na jiran wancan, wancan na jiran wannan a bugu guda, sai ta ƙi karɓar rubutun tun kafin ya isa na'ura. Tafintocin Esterel na farko sukan lissafo duk halin da na'ura za ta iya shiga. Ana samun sauri, amma rubutun da suke fitarwa ya kumbura har ya fi ƙarfin ma'ajiyarta. Da aka koma tsara shi kamar da'irar lantarki sai ya ƙanƙance, ya kuma rasa sauri, don ana lissafa har sassan da ke hutawa. Daga baya Stephen Edwards da wasu suka nemi hanyar bin sassan da ke aiki kawai.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne amana. Tafintan nan kamar mai kwafar littafin malami ne: bai halatta ya ƙara ko ya rage ba, balle da rayuka a hannunsa. Da wata manhaja mai suna SCADE, wadda ta tsiro daga Lustre, aka rubuta manhajar tuƙin jirgin Airbus A380. A 2017 kuma aka gabatar da Vélus, tafintan Lustre da aka tabbatar da hujjar lissafi cewa ba ya sauya ma'ana.

Ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Kaura Namoda, wadda aka kafa a 1983, ku nemi wannan fanni, ku roƙi malamanku su buɗe muku shi. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, amin.