Sa'a da Shawara: Abin da Wasan Poka Ya Koya Mini Game da Zargi

Ban taɓa zama a teburin caca ba, kuma ba ni da niyyar zama. Na haɗu da wasan poka ne a shekarata ta uku a jami'a, a darasin lissafin yiwuwa, ranar da malaminmu ya shigo aji da karta da kwanon wake. Ya raba wa kowa ƙwayar wake 50 a madadin kuɗi, ya koya mana ƙa'idojin wasan cikin awa guda. Na fita daga ajin da wata tambaya wadda ba ta lissafi ba: da me ya kamata a auna mutum, da shawarar da ya yanke ko da abin da ta haifar?

Poka wasan Amurkawa ne. Ya samo asali a yankin New Orleans a farkon ƙarni na 19, ya bazu ta jiragen ruwan Kogin Misisifi. Ana yin sa da kati 52, iri huɗu, kowane iri kati 13. Manufa ita ce a haɗa kati biyar mafi daraja: biyu masu lamba ɗaya sun fi barkatai, uku sun fi biyu, biyar a jere sun fi uku, biyar iri ɗaya sun fi na jere, haka har zuwa ƙololuwa. Akwai hanyoyi 2,598,960 da kati biyar za su iya haɗuwa, kuma huɗu kacal daga cikinsu ne ke ba da haɗin da ya fi kowane.

Wasan yana da rassa. A Texas Hold'em, wanda ya fi shahara, ana ba kowa kati biyu a rufe, sannan a buɗe biyar a tsakiya na kowa da kowa: uku tare, sai ɗaya, sai ɗaya. A Omaha kati huɗu ake ba mutum, amma dole ya yi amfani da biyu daga cikinsu, ba ƙari ba ragi. A Seven-Card Stud babu katin tarayya. Kowa da nasa bakwai, wasu a buɗe wasu a rufe. A Five-Card Draw kuwa mutum yana iya zubar da katin da bai so a musanya masa. Duk rassan sun haɗu a abu ɗaya: a kowane zagaye, kafin ka san ƙarshen al'amari, sai ka zaɓa ko ka janye, ko ka bi abin da aka zuba, ko ka ƙara.

A zagaye na ƙarshe na wannan rana an ba ni As biyu, wato kati mafi daraja har guda biyu, abin da ke zuwa sau ɗaya cikin rabo 221. Na zuba wakena gaba ɗaya. Wata abokiyar karatuna da ta ƙosa ta tafi ta bi ni da bakwai da biyu mabambantan iri, farawar da aka fi rainawa a wasan. Da aka buɗe katunan tsakiya sai ga bakwai har guda biyu, ta kwashe komai. Aji ya ɗauki tafi. Malam ya bari aka lafa, sannan ya ce: "Wa ya yi daidai a cikinsu?" Ya nuna a allo cewa in za a maimaita wannan karo sau da yawa, kusan sau ɗaya cikin takwas kawai za ta yi nasara. Ni na yi daidai na faɗi, ita ta yi kuskure ta ci, kuma duk da mun ga lissafin, ita muka tafa wa.

Ban ji nauyin darasin ba sai bayan shekara guda. Wani abokina a unguwarmu ya hau babur da daddare ba fitila, ya buge wani dattijo da ke tsallaka titi, ƙafarsa ta karye. Unguwa ta yi caa a kansa: ɗan ganganci, marar tarbiyya. Ni ma na tofa nawa a majalisa. Sai da na kwanta na tuna cewa nawa babur ɗin ya yi sati uku ba fitila a watan da ya gabata, ina tafiya ina haskawa da tocilar waya. Shawararmu ɗaya ce. Abin da ya raba mu shi ne a daren da na bi wannan titi babu wanda ya tsallaka. Hausawa sun ce wani ya yi rawa ya samu kuɗi, wani ya yi ya sha duka. Na sha faɗin wannan karin magana don in kai ƙarar duniya, ban taɓa lura cewa ni ne wanda aka liƙa wa kuɗin ba.

Masana falsafa biyu, Bernard Williams da Thomas Nagel, sun yi muhawara kan wannan a 1976, suka kira shi sa'ar ɗabi'a. Damuwar ita ce, mun yarda cewa bai kamata a zargi mutum kan abin da ba ya hannunsa ba, amma kullum muna yin haka. Nagel ya kawo misalin direban da bai duba birkinsa ba: in yaro ya faɗo titi ya zama mai babban laifi, in bai faɗo ba sakacinsa ya wuce ba wanda ya sani.

To, shin sai mu ce abokina bai fi ni laifi ba, a kyale shi? Nan ne misalin poka ya gaza. A teburin malam wake ne ya salwanta, kuma gobe za a sake rabo. Dattijon nan ƙafa ɗaya aka karya masa, ba za a maimaita daren sau takwas a ɗauki matsakaici ba. Shari'ar Musulunci ta riga ta kula da wannan: a aya ta 92 ta Suratun Nisa'i an wajabta diyya da kaffara kan kisan kuskure, alhali babu niyya. Hakki yana bin ɓarna. Saboda haka daidai ne abokina ya biya kuɗin ɗori, ya riƙa zuwa gaisuwa, kuma ya yi.

Abin da na gane shi ne tambayoyi biyu muke cakuɗawa. Ta farko: wa zai ɗauki nauyin ɓarnar? Sakamako ne ke amsa ta, kuma amsar tana kan abokina shi kaɗai. Ta biyu: wane irin mutum ne wannan? Shawara ce ke amsa ta, kuma a nan ni da shi layinmu ɗaya. Unguwa tana da ikon neman ya biya. Ni ba ni da ikon kiransa marar tarbiyya.

Ba ina yabon caca ba ne. Wasan da ribar wani ita ce asarar ɗan'uwansa, kuma gidan cacar yana yankar kasonsa ko wa ya ci, ya cancanci hanin da addini ya yi masa. Hasali ma tarkonsa shi ne wannan ruɗin: wanda ya ci da bakwai da biyu yakan ɗauka gwaninta ce, ya dawo gobe da kuɗin cefane. Haka muke da kowane sakaci da muka tsira daga gare shi, muna ƙirga shi cikin iyawarmu.

Washegari na kai babur ɗina wurin bakanike, duk da an riga an gyara fitilar, na ce ya duba birki ma. Daga nan na wuce gidan abokina, wanda ya kwana biyu bai leƙo majalisa ba, na ce masa ya tashi mu je duba dattijon tare. A hanya na gaya masa labarin sati ukun nan. Bai ce komai ba, sai da muka kusa ƙofar gidan ya tambaye ni ko zan iya faɗin haka a majalisa. Na ce zan faɗa, kuma da yamma na faɗa.