Gishiri Tsakanin Lami da Zartsi: Nazarin Wata Koyarwar Almasihu

Daga cikin abubuwan da Yesu Almasihu ya ɗauko daga harkar yau da kullum domin ya koyar da almajiransa, irin su ƙwayar iri da yisti da fitila da tarun masunta, babu wanda ya kai gishiri araha da kusanci ga hannun kowa, kuma wataƙila wannan arahar ce ta sa masu karatu ba su cika tsayawa a kansa ba. A Bishara ta Matiyu, sura 5 aya 13, cikin jawabin da ake kira Huɗuba a Kan Dutse, ya kwatanta almajiran da gishirin duniya, nan take kuma ya gargaɗe su cewa gishirin da ya rasa ɗanɗanonsa ba shi da sauran amfani. Markus ya kawo irin wannan magana a ƙarshen sura 9, Luka kuma a ƙarshen sura 14, kowannensu a muhallin da ya sha bamban da na ɗan'uwansa. Tambayar da ke ƙunshe a cikin misalin ta fi yadda ake zato nauyi, domin gishiri abu ne da ba ya aiki sai ya narke ya ɓace a cikin wani abu, amma ga shi ana gargaɗinsa kada ya rasa kansa, saboda haka dole ne a bambance ɓacewar da take ita ce aikinsa da ɓacewar da take halakarsa.

Mutanen da suka fara jin wannan magana sun san gishiri ta fuskokin da na'urar sanyaya abinci ta mantar da mutanen yanzu. A gaɓar Tekun Galili akwai garin Magadala, wanda ake danganta Maryamu Magadaliya da shi, kuma sunansa na Helenanci, Tarikiya, yana nuni ne da sana'ar adana kifi da gishiri, domin kifin da aka kama da asuba a ƙasa mai zafi ba ya kai wa kasuwa mai nisa sai an tsare shi daga ruɓa. Wasu daga cikin almajiran, kamar Bitrus da Andarawas da 'ya'yan Zabadi, masunta ne a wannan teku. Ta fuskar ibada kuwa, Littafin Firistoci 2:13 ya umarta a sa gishiri a kowace hadayar gari, sa'an nan Littafin Ƙidaya 18:19 da 2 Tarihi 13:5 sun yi zancen alkawarin gishiri, wato yarjejeniyar da ba ta warwarewa, kasancewar gishiri alama ce ta abin da ke dawwama. Ke nan a kunnen Bayahuden wancan zamani kalmar ta haɗa madafa da kasuwa da bagadi wuri guda.

Sai dai akwai matsala a gargaɗin rasa ɗanɗano, domin tsantsar gishiri ba ya rasa ɗanɗano komai daɗewarsa, kuma malaman Yahudawa ma sun san haka. A cikin Talmud, wato babban kundin muhawarar malamansu, an ba da labarin yadda aka tambayi Rabbi Yoshuwa ɗan Hananiya da me za a gyara gishirin da ya lalace, sai ya ce da mabiyiyar alfadara, da aka ce masa ai alfadara ba ta haihuwa, sai ya nuna cewa gishiri ma ba ya lalacewa. Masu sharhin Littafi Mai Tsarki da yawa sun warware wannan ƙulli ta wajen duba irin gishirin da ake samu a Falasɗinu a lokacin, wanda ake ɗebowa daga kewayen Tekun Gishiri, tafkin nan da ke fiye da mita 400 ƙasa da doron teku, inda gishirin yakan zo a gauraye da wasu ma'adinai masu kama da alli. Idan danshi ya shiga irin wannan gishiri, ɓangaren da ke narkewa shi ne yake tsiyayewa, abin da ya rage kuma farin gari ne mai kamannin gishiri wanda harshe ba ya jin komai a cikinsa. Wanda ya san kantun Balma, wanda ayarin Abzinawa ke ɗaukowa a kan raƙuma ta hamadar Tenere zuwa kasuwannin ƙasar Hausa, ba zai sha wuyar gane wannan ba, domin ya san kantu gauraye yake da ƙasa, ya san bambancinsa da beza da ake sa wa miya, ya kuma san dalilin da ba a barinsa a tsakar gida idan hadari ya haɗu.

Darasin farko da ke fitowa daga wannan bayani shi ne cewa lalacewar da ake gargaɗi a kanta ba ta bayyana ga ido. Launi yana nan, suna yana nan, mazubin ma shi ne na da, sai ranar da aka zuba a tukunya ne asiri zai tonu. Abin lura ne cewa kalmar Helenancin da Matiyu da Luka suka yi amfani da ita, wato moraino, asalin ma'anarta zama wawa ne, kuma ita ce Manzo Bulus ya yi amfani da ita a Romawa 1:22 game da waɗanda suka ɗauki kansu masu hikima. A Ibrananci ma akwai tushen kalma guda da ke ɗauke da ma'anar lami, wato rashin ɗanɗano, da ma'anar wauta, kuma shi ne ya fito a Ayuba 6:6 inda ake zancen abincin da ba gishiri. Bisa wannan, mai bi wanda ya yi lami ba lallai ne ya daina zuwa sujada ko ya manta waƙoƙin ikilisiya ba, abin da ya tsiyaye daga gare shi shi ne hikimar nan da take sa halinsa ya bambanta a wurin da ba mai kallonsa.

Sai dai wannan bai isa ya zama hujjar killace kai ba, kuma a nan ne madafa ta fi ɗakin karatu iya bayani. Uwargida idan miyar kuka ta kusa nuna, takan ɗebi gishiri da 'yan yatsu ta barbaɗa, ta juya da ludayi, ta ɗiga kaɗan a tafin hannu ta lasa, sa'an nan ta yanke hukunci ko a ƙara ko a bari. A wannan lokaci ƙwayar gishirin ta riga ta ɓace, ba mai iya tsamo ta, amma babu loma ɗaya da ba ta kai ba. Idan aka kai akushi gaban maigida da baƙinsa, za a yabi daddawa, a yabi nama, a yabi hannun mai girki, amma da wuya a ji wanda ya yabi gishiri, domin ba a tunawa da shi sai ranar da babu shi ko ranar da ya yi yawa. Wannan ita ce narkewa, kuma ita ce kishiyar lami ko da yake dukansu ɓacewa ne: a narkewa siffa ce take tafiya ɗanɗano ya yaɗu, a lami kuwa ɗanɗano ne yake tafiya siffa ta zauna daram. Masanan tauhidin Kirista suna ganin asalin wannan tsari a cikin abin da suke kira zama jiki, wato koyarwar cewa Kalmar Allah ya ɗauki jikin mutum ya zauna a tsakanin mutane, har ya shafe mafi yawan shekarunsa a Nazarat a gidan masassaƙi ba tare da Bisharu sun ba da labarin waɗannan shekaru ba sai ɗan kaɗan.

Idan haka ne, wurin da ake gwada ɗanɗanon mai bi shi ne inda yake neman abinci. Mai awo da ke cika mudu ga yaron da aka aiko kamar yadda zai cika wa uwar yaron da ta zo da kanta, da telan da ke mayar da ragowar yadi, da ma'aikaciyar jinya da ke duba majinyacin da ba shi da kowa da tsakar dare, da magatakardan da ba ya ɓoye takardar mutum har sai an ba shi na goro, duk suna yin aikin da ba ya shiga rahoton ikilisiya, kuma ba safai ake sanin sunayensu ba. Mutum yana iya cewa ai wannan halin kirki ne kawai, wanda ake samu a wurin Musulmi da mabiyin kowane addini, kuma maganarsa gaskiya ce, domin koyarwar ba ta ce Kirista kaɗai ke da gaskiya a ciniki ba. Abin da ta ce shi ne Kiristan da ba shi da ita ya rasa dalilin sunansa.

Yohanna Kirisostom, wanda ya yi wa'azi a Antakiya kafin ya zama bishop na Konstantinoful a shekarar 398, ya ja hankali ga wata iyaka da masu zafin nama kan manta. A sharhinsa kan Matiyu ya lura cewa gishiri ba ya mayar da naman da ya riga ya ruɓe, saboda haka sabunta abin da ya mutu aikin Almasihu ne, aikin almajirai kuwa shi ne tsare abin da aka sabunta kada ya koma ruɓa. Duk wanda ya taɓa shanya nama ya san gaskiyar wannan, domin da ɗanyensa ake sa masa gishiri, in ya riga ya yi wari sai zubarwa. Wannan lura tana rage girman kai, tana kuma rage fid da zuciya, tun da ba a ɗora wa gishiri nauyin da ba nasa ba.

Akwai kuma ɗaya gefen, wanda masu wa'azi ba su cika son taɓawa ba, wato zartsi. Gishirin da ya wuce kima yana kashe abin da aka so ya gyara, kuma Littafin Mahukunta 9:45 ya ba da labarin yadda Abimelek ya rushe birnin Shekem ya barbaɗa masa gishiri, alamar cewa kada wurin ya sake rayuwa. Miyar da ta yi lami ana iya ƙara mata, amma wadda ta yi zartsi gyaranta yana da wuya, sai dai a ƙara ruwa a ɓata kaurinta. Haka addinin da ke son a ji shi a kowace loma, mai tsawatarwa inda ba a tambaye shi ba, mai mayar da kowace gaisuwa muhawara, yakan kori mutane daga akushin gaba ɗaya, kuma a unguwar da Kirista da Musulmi ke ɗiban ruwa a rijiya guda, ɓarnar irin wannan harshe takan daɗe ba ta gyaru ba. Da Manzo Bulus ya shawarci Kolosiyawa, a sura 4 aya 6, cewa maganarsu ta kasance da alheri kuma da gishiri, abin da ya ɗora a kai shi ne sanin yadda za a amsa wa kowane mutum, wanda yake nufin ma'auni, domin gishirin da ya dace da tukunyar gidan biki zai lalata kunun majinyaci. A Hausa idan aka ce mutum ya ƙara wa labari gishiri ana nufin ya yi ƙari a kan gaskiya, kuma wannan amfani da kalmar ya nuna cewa masu harshen sun daɗe da sanin cewa abin daɗaɗawa yana iya zama abin ɓatawa.

Muhallin da Markus ya sa maganar ya ƙara fito da wannan. A sura 9 almajiran sun yi gardama a hanyar Kafarnahum a kan wane ne babba a cikinsu, Yahaya, ɗaya daga cikinsu, kuma ya ba da labarin yadda suka hana wani mutum aiki da sunan Yesu don ba ya cikin ƙungiyarsu, sa'an nan surar ta rufe da haɗa gishiri da zaman lafiya da juna. Hausawa na cewa gishiri ya yi wa man kaɗe dariyar rana, ran da ruwa ya zo gishiri ya ji kunya, kuma almajiran da suka yi takarar girma a wannan hanya su ne suka watse a daren da aka kama Ubangijinsu. Ikilisiyar farko a yammacin daular Rum ta riƙe alamar gishiri a cikin al'adarta, inda ake ba wa masu koyon bangaskiya, wato waɗanda ake shiryawa domin baftisma, ɗan gishiri su ɗanɗana. Agustin na Hippo, wanda aka haifa a shekarar 354 a ƙasar da yanzu ake kira Aljeriya, ya ambata cewa an yi masa haka tun yana jariri a hannun mahaifiyarsa Monika, amma bai karɓi baftisma ba sai a shekarar 387 a birnin Milan, bayan ya haura shekara 30.